Yadda ake gano abin da ya kashe malejin jirgin ruwa mai inji, a kuma gyara shi

Malejin jirgin ruwa ba irin na mota ko na babur ba ne. Babu tayar da ke birgima a ƙasa da zai ƙirga juyinta, babu kebur ɗin da ke fitowa daga giya. A yawancin jiragen fiba masu sitiyari da ake shigowa da su na hannu, da matsin ruwa maleji yake aiki, kuma aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan wata ƴar huda da faɗinta bai kai milimita 2 ba. Saboda haka idan allura ta kwanta, agogon shi ne abu na ƙarshe da za a zarga. A garaji kuwa shi ake fara kwancewa, sau da yawa ma a lalata shi alhali lafiyarsa ƙalau.

A nan Maraɗi jirage masu inji ba su da yawa. Masuntan tafkin Madarunfa da kwale-kwale suke aikinsu, ƙananan injunan da ake tuƙawa da hannu daga baya kuma ba sa zuwa da maleji. Idan jirgi mai tablo, wato allon agoguna da ke gaban matuƙi, ya samu matsala, aikin yakan faɗo hannun makanikin babur ko mai gyaran janareto, wanda wataƙila bai taɓa ganin irin wannan agogo ba. Aikin ba shi da wuya in an bi shi daki-daki, daga ruwa zuwa agogo.

Fara da gane irin malejin da ke gabanka

Leƙa bayan tablo da tocila. In ka ga siririn baƙin tiyo ya shiga bayan agogon, mai matsin ruwa ne. Wayoyi biyun da ke gefensa na fitila ne kawai, ba su da hannu a motsin allura. Agogon irin wannan yana aiki ko da babu batir a jirgin, don haka kada ka ɓata lokaci wajen neman fis ɗin da ya ƙone.

In babu tiyo sai wayoyi, koma bayan jirgi ka duba bangon da ake rataya inji. Ƴar taya mai fukafukai da ke juyawa idan ka taɓa ta da yatsa ita ce mai ba da labarin gudu. In babu tiyo, babu taya, to yawanci mai GPS ne, eriyarsa tana cikin agogon ko kuma a liƙe a saman tablo. Akwai kuma na dijital, kamar wasu na Yamaha, da tiyo ke shiga bayansu amma lambobi suke nunawa. Su suna buƙatar tiyo mai lafiya da wuta mai lafiya, duka biyun.

Ka kuma karanta abin da aka rubuta a fuskar agogon. MPH mil ne, mil ɗaya kilomita 1.6. KNOTS ma'aunin matuƙan teku ne, ɗaya kilomita 1.85. An sha kawo ƙarar maleji wai yana rage gudu, ashe mai jirgin ne ke karanta mil a matsayin kilomita.

Tabbatar da cewa malejin ne ke ƙarya

Kafin ka kwance komai, sa manhajar auna gudu ta GPS a waya. Ba ta buƙatar kati ko intanet, sararin sama kawai take so. Fita ruwa, riƙe totur wuri ɗaya na kamar daƙiƙa 30, ka kwatanta. A tafki irin na Madarunfa ruwa a tsaye yake, waya da maleji ya kamata su zo kusa da juna, bambancin kilomita 2 ko 3 ba komai ba ne. A kogi mai gudu, kamar kogin Neja a Gaya ko Yamai, lissafin ya sha bamban, domin maleji gudun jirgi a cikin ruwa yake aunawa, waya kuma gudunsa a kan ƙasa. Jirgin da ke kilomita 30, in ruwa na tafiyar kilomita 3, waya za ta nuna 33 a gangara, 27 a hawa. Yi tafiya biyu, ka haɗa ka raba biyu.

In waya da maleji sun yarda da juna cewa gudu ya ragu, jirgin ne ba ya gudu. Duba farfela ko raga ta naɗe ta, ko fiffike ya lanƙwashe, ko ruwa ya taru a cikin jirgi ya ƙara masa nauyi. In inji na ihu, agogon juyi ya haura, jirgi kuma ba ya ci gaba, robar da ke tsakiyar farfela ce ake zargi ta sake. Ja layi ɗaya da fenti daga tsakiyar farfela zuwa jikinta, yi tafiya kaɗan, ka sake dubawa. Layi ya rabu biyu, roba ta mutu.

Ga lissafin da ke nuna iyakar gudun da za ka sa rai. A jikin farfela akwai lambobi biyu, misali 11 x 13. Ta biyun ita ce incin da take ci gaba a juyi ɗaya. Injin da ke juyi 5,000 a minti, giyarsa na rage biyu zuwa ɗaya, farfela na juyi 2,500. Ninka da inci 13, ka mayar kilomita, zai ba ka kusan 49 a awa. Ruwa ba ƙasa ba ne, farfela tana zamewa, sai a cire kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ga jirgi marar nauyi, a samu 42 zuwa 45. Malejin da ya nuna 60 a wannan jirgi ƙarya yake yi, wanda ya nuna 20 ma haka.

Yadda mai matsin ruwa yake aiki

Dabarar tsohuwa ce. Wani injiniyan Faransa, Henri Pitot, shi ya fara auna gudun kogin Sen da ita a 1732, da sunansa kuma ake neman kayan a takardun kamfanoni har yau. Huda tana fuskantar gaba a cikin ruwa. Jirgi na tafiya, ruwa na cusa kansa cikinta, ya hau tiyo ya matse iskar da ke ciki. Iskar ce ke tura wani lanƙwasasshen bututun tagulla ko tantani a cikin agogo, shi kuma ya juya allura ta ƴan ƙananan haƙora. Ruwa bai kamata ya kai agogo ba. Iskar da ke kulle a tiyo ita ke tare shi a hanya.

Matsin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka biyu, matsi ninki huɗu yake yi. Da bar ake auna matsi: a kilomita 10 a awa bar 0.04 ne kacal, a 20 bar 0.15, a 30 bar 0.35, a 40 bar 0.62, a 50 kusan bar 1, a 60 bar 1.4. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, a ƙasa da kilomita 15 allura da ƙyar take motsi, shi ya sa agogo da yawa daga mil 10 lambobinsu suke farawa. Jirgin da ke tafiya a hankali cike da kaya, allurarsa a kwance, ba lallai ne akwai abin da ya lalace ba. Na biyu, agogon da aka yi don bar 1 ko 2 ba zai jure kwamfaresan mai faci ba, wanda ke tara bar 6 zuwa 8. Busa ɗaya ya isa ya miƙar da bututun tagullar, daga nan allura ba ta sake komawa sifili.

Kayan aiki kaɗan ne: sukundireba, filaya, reza ko wuƙa mai kaifi, bakin abin huda ƙarfe na milimita 1.5, zaren nailan mai kauri na masunta, sirinji babba na mililita 20 ko 50, famfon keke, ruwan sabulu a gwangwani, tiyo sabo da ƴan kolye na matse bakinsa. Kafin hannu ya je kusa da farfela, kashe inji, zare makulli da igiyar kashe inji ta gaggawa, giya a firi. Kafin ka shiga bayan tablo da ƙarfe a hannu, cire kan batir na mas, wato mai alamar (-).

Mataki na farko: hudar

Wuri biyu ake samunta. A wasu jiragen wata ƴar roba ce mai tsini aka ɗaure da sukurori a ƙasan bangon baya. A yawancin injunan zamani kuwa a jikin ƙafar inji take, a kaifin gaba, sama kaɗan da kumburin da giya ke ciki, ƙasa da faffaɗan ƙarfen da ke inuwantar da farfela. Kada ka rikita ta da ragar shan ruwan sanyaya inji da ke gefe da gefe, ko ramin fitsarin inji da ke can sama, inda ruwan sanyayawar ke fita. Shafa kaifin da farce, za ka ji ta ko da fenti ko laka sun rufe.

Ta bangon baya an yi ta ne ta riƙa tashi sama idan ta bugi kututture ko an ja jirgi kan gaɓa. Sau da yawa gyaran ke nan: a danna ta ta koma mazauninta har a ji ƙas. Bakinta dole ya sauko ƙasa da gindin jirgi, ya fuskanci gaba sak. In ta tsage ko bakin ya cinye, sai sabuwa.

Abin da ke toshe huda a wajenmu ya danganta da lokaci. Da damina, idan Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi suka kawo ruwa, tafki yakan yi jajir da laka, ga ɓarɓashin kara da ciyawa. Lakar takan shiga tana ɗanya, a fitar da jirgi a ajiye, rana ta gasa ta a ciki ta zama kamar tubali. Da rani kuma zanzaro ne. Duk ramin da ya samu a injin da aka jingine sai ya cusa masa ƙasa, bakin tiyon da aka bari a buɗe ma bai tsira ba. Injin da ya yi aiki a teku kafin a kawo shi yana iya zuwa da farin gishiri da tsatsar alminiyom a cikin hanyar.

Ɗauki bakin hudar nan na milimita 1.5 ka riƙe da yatsu biyu. Da yatsu, ba da inji ba. Murza shi a hankali cikin ramin, ka zaro, ka goge dattin da ya hau, ka sake. Murzawar ce ke jawo datti waje, allura ko ƙusa kuwa ƙara tura shi ciki suke yi. In ka ji ya taɓa ƙarfe ka tsaya, domin hanyar takan karya ta yi sama, in ka matsa za ka huda inda bai kamata ba ko bakin ya karye a ciki. Kada ka faɗaɗa ramin, kada ka goge kaifin da fayil har bakinsa ya karkace, don ramin da ya karkace ba ya karɓar matsi daidai.

Busasshiyar laka sai an jiƙa. Cika sirinji da ruwan ɗumi, ɗura a ramin, ka bar shi rabin awa, ka sake murzawa. Gishiri kuma ruwan binega ke narkar da shi, amma a wanke da ruwa mai kyau bayan haka.

Yanzu nemi inda tiyo ya haɗu da ƙafar inji, wani ɗan hanci ne a sama kusa da mahaɗar ƙafa da jikin inji. Cire tiyon daga nan, sa sirinji a hancin, tura ruwa. Ya kamata ya fito ta hudar gaba siriri, a miƙe. In ɗiga yake ko ya ƙi fita, da sauran aiki. Kullum daga sama zuwa ƙasa ake turawa, a fitar da datti ta inda ya shigo.

A nan ne za ka tambayi mai jirgi ko an taɓa sauke ƙafar inji kwanan nan. Duk wanda ya canza robar famfon ruwa sai ya sauke ta, kuma ba abin da aka fi mantawa wajen mayarwa kamar wannan ɗan tiyo. Wani ma ba ya lura da shi tun wajen saukewa, nauyin ƙafar ya tsinka shi. Malejin da ya mutu rana ɗaya da gyaran famfo, kusan kullum nan ne.

Mataki na biyu: tiyon

Je bayan tablo ka zare tiyo daga agogo, kana kallon allura. In da ma ta maƙale a sama, ka ji ƙarar fitar iska, ta faɗo sifili, agogo lafiya lau, matsi ne ya kulle a tiyo saboda lanƙwasa ko wani datti da ke barin iska ta shiga ya hana ta fita. In ruwa ya zubo daga bakin tiyon, akwai yoyo a kusa, domin sai iska ta samu wurin tsira ruwa ke iya hawowa har nan.

Da agogo a cire, yanzu kana iya busawa da ƙarfi. Sa famfon keke a bakin tiyo na wajen tablo, wani ya tsaya a baya ya saurara. Iska ta fita sosai, hanya a buɗe take. Ta ƙi, ka zura zaren nailan daga kowane ɓangare ka ga inda ya tsaya, ka auna tsawonsa a jikin tiyon daga waje, nan toshiyar take.

Buɗaɗɗen tiyo ba shi ne lafiyayyen tiyo ba, sai an gwada yoyo. Mayar da shi jikin agogo. Koma baya, cire shi daga ƙafar inji, haɗa sirinji cike da iska, tura a hankali. Tiyo mai tsawon mita 6 da rami na milimita 4 yana ɗauke da iska kusan mililita 75, saboda haka sirinjin 20 in an tura shi duka zai kai allura wajen kilomita 25. Riƙe shi haka minti ɗaya. Allura ta tsaya cak, babu yoyo. Tana saukowa, shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa da duk inda tiyon ya goga da wani abu, kumfa za ta nuna maka.

Wuraren da yake mutuwa sanannu ne. Daidai inda ya fito daga inji ya shiga jirgi, wurin da ke lanƙwashewa duk juyin sitiyari da duk ɗaga inji, nan rana ta fi dukansa. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana busar da roba har ta riƙa tsagewa in an lanƙwasa ta. Sai ƙarƙashin tankin mai ko akwatin batir da aka ɗora a kansa, da inda aka ɗaure shi tamau cikin damin wayoyi har ya lotse. Jirgin da ya daɗe a ajiye a tsakar gida kuma a nemi haƙoran ɓera.

In baki ne kawai ya bushe ya buɗe, yanke santimita 2, tsoma sabon bakin a ruwan zafi ya yi laushi, cusa shi har ƙarshen hancin, ka matse da kolye. In tsagar a tsakiya take, ana iya yankewa a haɗa da guntun bututun tagulla ko na roba mai tauri, kolye biyu. Salatif ba ya riƙe bar ɗaya, kada ma a fara. Tiyon da ya tsage wuri biyu a canza shi gaba ɗaya, na uku na nan tafe. Ɗaura sabon a wutsiyar tsohon, ka ja tsohon daga ɗaya ɓangaren, ya jawo sabon ta hanyar da ya bi.

Wajen saye, tafi da guntun tsohon. Ramin yakan kasance tsakanin milimita 3 da 5, kuma dole ya kama hancin tsam. Tiyon man babur mai kauri yana yi in ramin ya dace. Tiyon ƙarin ruwa na asibiti da farin tiyo mai laushi ba sa yi, zafi na sa su saki, su fice daidai lokacin da gudu ya yi yawa. Wajen shimfiɗawa, kada kwana ta yi tsini, a bar rara a wajen inji yadda zai juya hagu da dama ya kuma ɗagu har ƙarshe ba tare da tiyon ya miƙe ba. Gwada hakan da hannu kafin ka ɗaure.

Mataki na uku: agogon kansa

Sai huda da tiyo sun fita daga zargi ake zuwa nan. Sa guntun tiyo a bayansa ka hura da baki. Huhun mutum ba ya ba da matsi mai yawa, allura za ta ɗan ɗaga ne zuwa farkon lambobi ta koma. Wannan ya nuna tana da rai, bai nuna tana faɗin gaskiya ba. In da sirinji za ka gwada kai tsaye, yi hattara: ba tare da dogon tiyon ba, rabin sirinjin 20 ya isa ya kai allura kusan kilomita 50, in ka ƙarasa tura shi ka wuce ƙarfin agogon.

Gwajin gaskiya da ruwa ake yinsa, ba ya kuma cin kuɗi. Samo tiyon nan mai garai-garai da magina ke daidaita gini da shi, kamar mita 10. Haɗa baki ɗaya da agogo, a matse sosai. Ajiye agogon a kan tebur, tiyon ya sauko ƙasa ya lanƙwasa, ɗaya bakin kuma a hau da shi tsani ko soro ko reshen bedi. Zuba ruwa ta sama a hankali, ana barin iska tsakanin ruwan da agogo. Abin da za ka auna da tef shi ne tazarar tsayi tsakanin saman ruwa na ɓangaren sama da saman ruwa na ɓangaren agogo. Mita 1 daidai yake da kilomita 16 a awa, mil 10 ke nan. Mita 2 kilomita 22 da rabi, mil 14. Mita 3 kusan kilomita 28, mil 17. Mita 4 kilomita 32, mil 20. Waɗannan lambobi ba na wani kamfani ba ne, nauyin ruwa ne, kowane agogo mai matsi dole ya bi su.

Agogon da ya kauce da kilomita 2 ko 3 a bar shi. Wanda ke nuna ƙari a kowane mataki, kuma ba ya sauka sifili, an taɓa busa shi da kwamfaresa ko allura ta goce a kan sandarta. Wanda ke tafiya yana tsayawa, sai an ƙwanƙwasa gilashi ya motsa, tsatsa ce ko ƙurar hunturu a haƙoransa. Yawancinsu a daddanne aka rufe bakinsu, buɗewa na nufin lanƙwasa zoben gaba, kuma ba ya komawa ya hana ruwa shiga kamar da. In ruwa ne ya shiga kwanan nan, juya hancin ƙasa, girgiza, a ajiye a inuwa mai iska kwana biyu, wani lokaci yana farfaɗowa. Kada a ɗura masa man inji ta hanci.

Akwai allurar da ke rawa alhali komai lafiya. Wannan iska ce ke gauraya da ruwan da ke isa huda. In an ɗaga inji da yawa ana gudu, ko an rataya shi sama fiye da kima, hudar tana fita tana shiga ruwa. Sauke shi kaɗan ka ga ko allura ta natsu. Ga ta bangon baya, duba abin da ke gabanta a gindin jirgi: ƙusa, faci, ko doron da ke tsaga ruwa duk suna haifar da kumfa. A matsar da ita gefe zuwa inda gindin yake sumul, nesa da farfela, tsofaffin ramukan sukurori kuma a cike su da gam mai hana ruwa, in ba haka ba katakon da ke cikin bangon zai sha ruwa ya ruɓe.

Mai ƴar taya

Tayar tana da maganaɗisu a fukafukanta, a jikin mazauninta kuma akwai na'urar da ke jin wucewarsa ta aika ƙirga. Hure ta da baki, ya kamata ta yi ta juyi da kanta. In ta cije, zaren raga ne ya naɗe sandarta, ko gansakuka, ko yashi, ko ɗan katantanwa. Ture sandar ta fita ta gefe, ka lura da fuskar da fukafukan suke kallo kafin ka cire, domin in an mayar da ita a juye ƙirgarta raguwa take yi. Wanke da buroshin haƙori. Kada a sa giris, yashi yake kamawa. Taya mai girgiɗi a kan sanda ko mai karyayyen fiffike sai canji.

In tana juyi amma agogo shiru, ɗauko mitar auna wuta ka sa a DC 20. Wayoyi uku ne ke aikin gudu: wuta, mas, da mai kai saƙo. In ka ga ƙarin biyu, na auna zafin ruwa ne. Buɗe kontak, auna tsakanin wuta da mas, za ka samu bolt 5 ko 8 ko 12 gwargwadon kamfani. Sai ka koma tsakanin mai saƙo da mas, wani ya juya tayar sannu a hankali. Lamba ta riƙa hawa tana faɗowa kusa da sifili sau da dama a juyi ɗaya. Tana yi a baya amma ba ta yi a bayan agogo, waya ta tsinke a hanya. Ba ta yi ko'ina alhali wuta na zuwa, na'urar ta mutu, kuma a narke take cikin roba, ba a gyara ta.

Mai GPS da sauran masu wuta

A nan matsala kusan duk ta wuta ce. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 in inji a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in yana aiki. Auna a bayan agogon, ba a kan batir kaɗai ba. A tsarin jiragen Amurka wayar kontak shunayya ce, mas baƙa ko rawaya, fitila shuɗiya. A na Yamaha kontak rawaya ce, mas baƙa. Wanda ya ɗauki rawayar wani a matsayin ta wani zai haɗa wuta da mas, don haka a auna kafin a yarda da launi, balle a jirgin da hannaye da yawa suka taɓa.

Mas ita ta fi yaudara. Buɗe kontak, sa baƙin tsinken mita a kan batir na mas, jan kuma a mas ɗin bayan agogo. Abin da ya kai rabin bolt yana nufin akwai mahaɗar da ta yi tsatsa. Kwance, goge da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, ɗaure, shafa ɗan basilin a kai. Fis ɗin da ya ƙone a sa mai lamba irin tasa, kada a naɗa masa waya. Agogon da ke mutuwa ya dawo duk lokacin da aka tayar da inji, batir ne ke faɗuwa a lokacin tayarwa.

In wuta ta cika amma gudu ba ya fitowa, fitar da jirgi daga ƙarƙashin rumfar kwano ka ba shi minti biyu zuwa biyar, musamman in ya daɗe a kashe. Eriyar da aka ɓoye ƙarƙashin ƙarfe ko alminiyom ba ta ganin sama. Fiba da leda ba sa tare ta.

In agogon matsi ya mutu murus kuma samun irinsa ya yi wuya, mai GPS ya fi sauƙin sawa, ga shi yana karanta ƙaramin gudun da mai matsi ba ya ji, laka da zanzaro kuma ba ruwansa da su. Ramin tablo na manyan agogo yawanci milimita 85 ne, auna naka kafin ka aika a sayo. Wuta daga kontak, mas, fitila, shi ke nan. Sai dai tsohon tiyon kada a bar shi a buɗe bayan tablo. Hudar ƙafar inji tana nan tana aikinta, jirgi na ɗaukar gudu za ta fara feso ruwa kan wayoyi da makullin kontak. Cire tiyon tun daga hancin ƙafar inji, sa guntu mai santimita 5 a wurin, cusa sukurin da ya cika ramin a bakinsa, ka matse da kolye.

Wanda ya ci gaba da mai matsi kuma, duk ranar da jirgi ya fito daga jan ruwa a cire tiyo daga hancin a tura sirinji biyu na ruwa mai kyau kafin lakar ta bushe. In za a ajiye shi har wata damina, a liƙe hudar da jan salatif mai dogon jela, wanda ba za a manta da shi ba ranar mayar da jirgi ruwa.